Yadda Za Ka Canja Manifol Ɗin Sama na Injin Motarka a Gida

Sanyin hunturun bara ne ya tona asirin motata. Sienna ce ƙirar 2005, mai silinda shida, da ita nake ɗibar iyali daga Birnin Kebbi zuwa Yauri duk lokacin hutu. Da asuba in na tayar da ita sai ta riƙa karkarwa kamar mai masassara, allurar inji tana hawa tana sauka, in na tsaya a mahaɗa ta nemi mutuwa. Rana na ɗagawa kuma sai ta warke sarai. An canja mini fulogi uku na gaba, an wanke nozul, an ce famfon mai ne, na saya. Ciwo yana nan. Wani dattijon bakanike a Jega ne ya buɗe bonet, ya cire murfin saman inji, ya sunkuya ya kasa kunne. Can ya ɗago ya ce da ni, "Malam, wagga mota ba ƙishin mai taka yi ba, iska taka sha ta inda ba a ba ta ba." Ya haska tocila, sai ga tsaga siririya kamar gashi a jikin baƙar robar manifol, daidai gindin noti. Ashe wani ya taɓa buɗe wurin, ya mayar da tsohon gasket da jan gam, ya ɗaure notin da iya ƙarfinsa har robar ta tsage.

Na nemo wani manifol ɗin, na sa da hannuna a tsakar gida. Aikin ba ya son ƙarfi ko kaɗan. Tsari yake so, da tsafta, da hannu mai sanin inda zai tsaya.

Mene ne shi, kuma me ya sa tsagarsa ke rikita inji

Iskar da inji ke shaƙa tana bi ta iyakilina, ta wuce sansar da ke auna yawanta, ta bi babban tiyo zuwa maƙogwaron totur, daga nan ta faɗa cikin wani babban ciki. Wannan cikin shi littafin gyara ke kira filenam, bakanikanmu kuma su ce manifol ɗin sama. Kamar randa yake a gida: ana zuba ruwa ta baki ɗaya, kowa ya ɗiba gwargwadon buƙatarsa. Daga cikinsa ne bututu ke rarrabuwa zuwa kowace silinda. A injin Toyota mai silinda shida, wato 1MZ-FE mai lita 3.0 da 3MZ-FE mai lita 3.3, waɗanda ke cikin Sienna, Highlander, Camry babba da Lexus RX, manifol hawa biyu ne. Na ƙasa yana zaune a tsakiyar inji, shi ke ɗauke da nozul da bututun mai. Na sama shi ne randar, ya kwanta ya rufe silinda uku na baya. Da shi za mu yi aiki, shi ya sa ba sai ka taɓa hanyar fetur ba. A Corolla mai injin 1ZZ-FE, irin na 2003 zuwa 2008, randar da bututun a haɗe suke cikin roba guda a gaban inji, aikinsa ya fi sauƙi, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. Kwamfutar mota tana tambayar sansa yawan iskar da ta shigo, sai ta ba da mai daidai da haka. To duk iskar da ta kutso ta tsaga ko ta ƙarƙashin gasket, ta bayan sansa ta shigo, ba wanda ya ƙirga ta. Mai ya yi kaɗan ke nan. A lokacin silo, wato inji yana aiki ƙafarka ba ta kan totur, ƙofar maƙogwaro a rufe take saura ƙiris, inji yana zuƙa da ƙarfi, don haka ƴar tsaga ma sai ta yi tasiri. In ka taka totur iska mai yawa ta shigo ta ƙofa, ta satar sai ta ɓace a ciki. Shi ya sa motar ke gudu lafiya a hanyar Argungu amma ta yi ta kakkafewa a cikin gari. Sanyi kuma yana sa tsohuwar roba ta ƙanƙance ta yi tauri, zafi ya sa ta kumbura ta toshe kafar. Ga dalilin da ciwon ya fi tashi da asubar Disamba da Janairu.

Tabbatar da ciwon kafin ka kashe kuɗi

Nan nake so ka daɗe, domin sau da yawa manifol ɗin lafiyarsa ƙalau, gasket ne kawai ya mutu, ko wani ɗan tiyo ya tsage.

Fara da ido. Cire babban tiyon da ke tsakanin iyakilina da maƙogwaro, ka lanƙwasa shi a rana, ka duba cikin ninkinsa. Zafin Afrilu da Mayu na ƙasarmu, wanda ke haura digiri 40, yana dafa wannan robar har ta tsattsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Bi sauran ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

Sai kunne. Samo guntun tiyon ban ruwa mai tsawon hannu, ka tayar da inji yana da sanyi, ka sa baki ɗaya a kunne, ɗayan ka riƙa bin gefen manifol da shi. Inda iska ke shiga za ka ji tsiii kamar taya na sacewa. Kada ka yi wannan da babbar riga ko kaftani mai faɗin hannu, kuma ka cire carbi ko duk abin da ke reto a wuya, bel da fanka ba sa jira. Wasu suna fesa maganin wanke kafireto a gefen gasket su saurari canjin ƙarar inji. Yana nunawa, amma abu ne mai kama wuta, ni na fi son fesa ruwa zalla da ƙaramar kwalbar feshi. In ruwan ya toshe kafar na ɗan lokaci, za ka ji inji ya canja murya.

In kana da ƴar na'urar duba mota da ake haɗawa da waya, sa ta a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi. Lambar P0171 tana nufin mai ya yi kaɗan a layin silinda na ɗaya, P0174 kuma a layi na biyu. In sun fito tare, abin da ya shafi duka injin ne. Amma lambar ba ta ce manifol ba ne, domin sansar iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, ko famfon mai da ya gaji, su ma suna kawo ta. Ga yadda ake rarrabewa: duba adadin ƙarin man da kwamfuta ke yi don cike giɓi. Lafiyayyen inji ba ya wuce kashi 10 cikin 100. In adadin ya yi sama a silo, ka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 ya sauko, iskar sata ce. In kuwa yana daɗa hawa ne yayin da kake ɗaga inji, koma kan sansa da famfo, ka bar manifol ya huta.

Sayen kaya

Duba takardar da ke manne a cikin bonet, sunan injin yana jiki. Na 1MZ alminiyam ne, na 3MZ roba ce, ba sa shiga wa juna, kuma ko a cikin iri ɗaya bakunan tiyo suna bambanta daga mota zuwa mota. Ɗauki hoton naka ta kowane gefe ka tura wa mai kaya, ko a Sakkwato yake ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Galibi na Beljiyam za ka samu, ba laifi, amma ka duba shi kamar mai sayen rago. Ɗora rula ta ƙarfe a kan fuskar da ke zama kan gasket, ka haska ta baya. In haske yana wucewa ta tsakiya, ya banƙare, mayar masa. Duba gindin kowane ramin noti da kowane ɗan bakin tiyo. Akwai wani bawul a jikinsa mai buɗewa da rufewa don canja tsawon hanyar iska gwargwadon gudun inji, taɓa sandarsa ka ga tana motsi ba tare da cijewa ba. Sannan ka girgiza shi kusa da kunne. Manifol ɗin da aka ciro daga injin da ya fashe yakan riƙe gutsuren ƙarfe a lungunansa, ranar da ka tayar da naka injin sai ya zuƙe su. Wanke cikinsa da ruwa da omo, ka ɗauraye, ka kife shi a inuwa ya kwana ya bushe.

Gasket kuwa sabo fil za ka saya, na tsakanin manifol biyu da na maƙogwaron totur. A nan ba a tsimi. Tsohon gasket ya riga ya lotse ya ɗauki siffar tsohon wurinsa, gam kuma ba ya maye gurbinsa: in ka matse, rarar gam ɗin ciki take tsiyaya, ta bushe, ta ɓalle, ta bi iska zuwa kan bawul.

Kayan aiki ba su da yawa. Bokis sufana lamba 10, 12 da 14 tare da sandar ƙarin tsawo, sufana ta hannu masu waɗannan lambobi, alanki lamba 5 da lamba 8, filaya, sukudireba mai faɗi da mai kuros, tocila, ɗan madubi, maganaɗisu a kan sanda, salatif na takarda da biro, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da kiret na ƙwai don jera notuna. Sai sufana mai awon ɗauri. In ba ka da ita, ka ara ko ka yi haya, domin rashinta ne ya tsaga nawa.

Shirya wuri

Bar motar ta kwana ba a tayar ba. Inji mai zafi yana ƙona hannu, ruwan lagireto yana da matsi, zaren noti a cikin alminiyam mai zafi kuma yana saurin cinyewa. Fara bayan sallar asuba da gari ya waye, in Allah ya yarda kafin la'asar ka gama. Zaɓi ranar da iska ba ta kaɗawa, ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar don ƙura ta kwanta, ka shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma a ƙarƙashin inji, saboda notin da ya faɗa cikin rairayi sai an tona. Ja birkin hannu, sa dutse a taya. A gaya wa yara yau ba wasa kusa da mota.

Kafin komai, goge saman inji. Yi amfani da burushi da ɗanyen tsumma ka share ƙasar da ta taru kewaye da manifol, don kada ta zube ciki in ka ɗaga shi. Sannan hoto: ta gaba, ta dama, ta hagu, kusa da kusa. Bayan awa huɗu ba za ka tuna wane tiyo ya bi ta saman wane ba.

Kwancewa

Cire kan batir na nagetif da lamba 10, ka kawar da wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa ba.

A Sienna, rabin injin yana ƙarƙashin gilashin gaba, don haka sai ka buɗe wa kanka hanya. Manna salatif a gilashi daidai inda waifa ke kwanciya don ka gane wurinsu, cire notin hannayen waifa, ɗaga robar da ke ƙasan gilashi, cire soket ɗin motar waifa da notunanta, sannan farantin ƙarfen da ke ƙarƙashi. Minti ashirin ne ko talatin, amma yana mayar da aikin lalube ya zama aikin gani. A Camry ba sai an yi haka ba.

Cire murfin adon inji da alanki lamba 5. Cire soket ɗin sansar iska, sassauta kilif, ka fitar da murfin iyakilina tare da babban tiyo. Ajiye shi inda ƙura ba za ta shiga ba, kuma kada ka taɓa siririyar wayar cikin sansar da yatsa ko tsinke.

Yanzu tiyo da wayoyi. Ga ƙa'idata: ba na cire komai sai na naɗa masa salatif na rubuta lamba, na kuma manna irin lambar a bakin da ya fito. Za ka tarar da tiyo mai kauri da ke tafiya zuwa baƙar tukunyar birki a bayan inji wajen direba, da wanda ke kwaso tururin baƙin mai daga murfin bawul, da wanda ke kawo tururin fetur daga tanki, da ƙanana masu sarrafa bawul ɗin da na ambata. Tiyon da ya shekara ashirin a wuri ɗaya ya manne. Kada ka fizge shi. Matsa kilif baya da filaya, ka kama tiyon ka murɗa hagu da dama har ka ji ya saki, sannan ka ja a miƙe. In ya ƙi, gara ka tsaga tiyon da reza ka sayi sabo da ka karya bakin roba. Soket na wuta kuma kowanne yana da ɗan harshe da ake dannawa. Zafi ya gasa su sun zama kamar ƙwai, danna da yatsa a hankali, kada ka ja ta waya. Akwai kuma wayoyin at da aka ɗaure da ƙaramin noti a jikin manifol ko kusa da shi. Su ake yawan mantawa wajen mayarwa, mota ta ƙi tashi, a yi ta zargin kwamfuta. Sa musu salatif mai girma.

Maƙogwaron totur yana da ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto da ke ratsa shi. Dabarar da ke rage wahala ita ce kada ka cire su. Kwance notuna huɗun da suka riƙe maƙogwaron a jikin manifol, ka janye shi gefe da tiyonsa, ka ɗaure shi da igiya don kada nauyinsa ya rataya a kan waya. Ruwa bai zuba ba, iska ba ta shiga lagireto ba. Tsofaffin 1MZ suna da kebul na totur, sai ka zare shi daga maƙalarsa. Wasunsu kuma suna da bututun ƙarfe da ke dawo da hayaƙi cikin manifol, notunansa sukan yi tsatsa, ɗiga musu mai tun daren jiya. Na 3MZ totur ɗin lantarki ne, soket kawai gare shi.

Sai wurin da ke cin rai. A bayan manifol, tsakaninsa da jikin mota, akwai ƙarafan madogara da suka tallafe shi daga ƙasa. Ba ka ganin notunansu sai da madubi. Kwanta a kan inji bisa kwali, zura hannu, ka lalubo kan notin da yatsa kafin ka kai sufana. Lamba 12 ne ko 14. Juyi kwata-kwata za ka riƙa samu, ka yi haƙuri da shi. In ya kusa fita, ka ƙarasa da yatsu biyu, maganaɗisu yana kusa.

Da madogaran sun saki, koma kan manyan. A 3MZ kusoshi huɗu ne masu kan alanki lamba 8 da noti biyu. Share ramin kan kowace kusa da tsinke tukuna, domin in ƙasa ta cika shi alanki ba zai zauna har ƙasa ba, sai ya gwigwiye kan. Sassauta su kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, sannan ka fitar. Ɗaga manifol ɗin sama a miƙe da hannu biyu. In ya ƙi tasowa, akwai abin da ka manta. Kada ka sa sukudireba ka banƙara, sake zagayawa da tocila.

Ramuka shida

Da ka ɗauke shi, ramuka shida za su dube ka. Kowanne kai tsaye yake zuwa kan bawul, daga nan cikin silinda. Kafin ka ajiye numfashi, kafin ka amsa waya, toshe su. Dunƙule tsumma shida masu girman da ba za su faɗa ciki ba, ka cusa ɗaya a kowane rami, ka ƙirga da baki: ɗaya, biyu, har shida. Wanshar noti guda in ta faɗa ciki ba ka gani ba, da tayarwa ɗaya za ta lanƙwasa bawul ta huda kan fistin, aikin yini ɗaya ya koma sauke inji. In wani abu ya faɗa, kada ka juya inji ko da hannu. Haska, ka sa maganaɗisu, ka zauna a kai har sai ka gan shi a tafin hannunka.

Cire tsohon gasket. Goge fuskar manifol ɗin ƙasa da tsumma mai ɗan fetur, kana sharowa daga rami zuwa waje. In akwai busasshen gam, kankare shi da gefen tsohon katin roba. Ban da wuƙa, ban da samfefa: alminiyam yana da laushi, ƙarzane ɗaya ya isa ya zama sabuwar hanyar iska.

Tunda hanya ta buɗe, kada ka rufe ba ka duba silinda uku na baya ba, wato ta 1, ta 3 da ta 5. Su ne waɗanda ake tsallakewa a canja na gaba kawai a ce an yi sabis, saboda ba a kai musu sai an ɗaga wannan manifol. A motata na tarar da fulogin baya sun cinye har bakinsu ya buɗe, na gaba kuwa sababbi. Cire kwil, ka haska cikin ramin. In ka ga baƙin mai kwance, gasket ɗin murfin bawul yana yoyo, yau ce ranar canja shi. Sa fulogi masu kan iridiyam irin waɗanda kamfani ya tsara wa injin, suna daɗewa, ka fara ɗaura su da hannu zalla kafin sufana.

Mayarwa

Jera tsohon manifol da sabon a kan tabarma gefe da gefe. Duk abin da ke jikin tsohon wanda babu a sabon, ƙarfen riƙe waya ne, bawul ne, ɗan murfin roba ne da ya toshe bakin da ba a amfani da shi, mayar da shi yanzu kana gani.

Sa sabon gasket a bushe. Na manifol ɗin roba yana zama cikin kwarmi, bi shi da yatsa ka danna ko'ina ya shige, ka kifa manifol ɗin ka ga bai faɗo ba. Na alminiyam siririn ƙarfe ne da ake zurawa a kan sandunan noti, duba ramukansa sun dace da na ƙasa.

Cire tsumman nan. Ƙirga: shida a hannu. Haska kowane rami sau ɗaya.

Sauke manifol a miƙe bisa sandunansa biyu, kana duba kada waya ko tiyo ya shiga ƙarƙashi. Kama kowace kusa da noti da yatsu, juyi uku ko huɗu, har da na madogaran baya, ba tare da ka ɗaure ko ɗaya ba. In ka ɗaure na sama tukuna, ramin madogara ba zai hadu ba. In ka ɗaure madogara tukuna, za su janye manifol ɗin ya zauna a karkace. Kusar da ta yi tauri tun juyin farko ta hau zare ba daidai ba, fitar da ita ka sake.

Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya fita gefe, ana tsallakawa: ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Yi shi zagaye uku. Na farko har kan kusa ya taɓa, na biyu rabin awo, na uku cikakke. Awon 3MZ mai roba Nm 28 ne, na 1MZ mai alminiyam Nm 43, na Corolla 1ZZ kuma Nm 30. Da sufanar ta yi ƙas, tsaya. Hannu zai ce maka ƙara kaɗan, kada ka bi shi. Gasket ne ke toshe iska, ba ƙarfin damtse ba, kuma ƙarin da ka yi shi ne ke banƙara roba ko tsaga ta bayan wata biyu na zafi da sanyi. Bayan haka ka ɗaure madogaran baya.

Kafin ka mayar da maƙogwaron totur, goge baƙin dattin da ya taru a gefen ƙofarsa da tsumma mai maganin wankewa. Fesa a tsumma, ba a cikin maƙogwaron ba, kuma in na lantarki ne ka tura ƙofar a hankali, kada ka sake ta ta buga. Sabon gasket, notuna huɗu a gicciye, ɗauri mara ƙarfi. Sai tiyo da soket bisa lambobinsu, kana cire salatif ɗaya bayan ɗaya. Salatif ɗin da ya rage yana nuna aikin da ya rage. Kowane soket ka ji ya yi ƙas. Wayoyin at. Babban tiyo da iyakilina, in tacen ya toshe da ƙura ka sa sabo. Duba kiret ɗin ƙwai: in noti ya saura banda na waifa, nemo gidansa.

Kada ka mayar da farantin waifa tukuna. Gwada inji hanya tana buɗe.

Tayarwa da gwaji

Kwashe kayan aiki daga kan inji, mayar da kan batir. Murɗa makulli fitilun dashbod su kama, jira daƙiƙa goma, sannan ka tayar. Cire batir yana goge abin da kwamfuta ta saba da shi, don haka in silo ya ɗan yi sama ko ya yi rawa da farko, ba matsala ba ce. Kashe iyakwandishan da fitilu, ka bar inji ya yi zafi har fanka ta kama ta tsaya. In kuwa ya haura sama ya ƙi sauka, ko kana jin tsiii, kashe, akwai tiyon da bai shiga ba. Ɗauko guntun tiyon kunnen nan ka sake bin gefen gasket da shi. Duba ƙasan maƙogwaro ko ruwa na ɗiga, in ka cire tiyon ruwa ɗazu ka cika lagireto bayan inji ya huce.

Birki kafin motar ta motsa. Kashe inji, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, riƙe ƙafarka a kai, ka tayar. Feda za ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ta tsaya ƙiƙam kamar dutse, tiyon tukunyar birki bai zauna ba, kada ka fita ƙofar gida sai ka gyara.

In komai ya yi daidai, mayar da farantin waifa da hannayensa bisa alamar salatif, goge tsofaffin lambobi da na'urar dubawa, ka fita. Ni Kalgo na je na dawo, na haɗa da tsaye-tsayen cikin gari don kwamfuta ta sake koyon silo. Da na dawo na duba adadin ƙarin mai, ya sauko ƙasa da kashi 10. Amma gwajin gaskiya sai washegari da asuba, inji ya kwana cikin sanyi, domin a lokacin ne ciwon yake tashi. Tayar da ita ba tare da taka totur ba, ka zuba wa allura ido: za ta hau sama da 1,000, ta riƙa sauka a hankali yayin da inji ke ɗumi, ta zauna wajen 700 ba rawa. Bayan mako guda ka sake buɗe bonet inji yana da sanyi, ka bi kowane kilif da yatsa, ka sake sauraron gefen gasket.